Solar da Baffa Ya Kulle a Keji

Gidanmu na Williamsville, a yankin Adjamé na birnin Abidjan, mitar wuta ɗaya gare shi, makullin akwatinta kuma yana aljihun Baffa. Baffa ƙanin mahaifina ne. Su biyun suka gina gidan da ribar goro tun kafin a haife ni. Ɗakuna ne a jere sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya, makewayi biyu, 'yan haya yawancinsu Hausawa, sai Julawa kaɗan da wani magidanci Bawule a ɗakin ƙarshe. Da mahaifina ya rasu, ni da Inna muka tsira da ciki da falo a ɓangaren gabas. Baffa ya zama mai gida. Shi ke karɓar haya, shi ke raba faɗa, shi ke raba wuta.

Daga akwatin nan kowane ɗaki yake jan layinsa. In takardar wuta ta zo, Baffa zai bi ɗaki-ɗaki da carbi a hannu, yana ɗaga kai yana duba ƙwan wuta da fanka da duk abin da ke da igiya, sannan ya yanka wa kowa rabonsa. Yadda yake lissafin, daga shi sai Ubangijinsa. Ɗakinsa kuwa ba wanda ya taɓa shiga ya duba. In ya zo namu ba ya ma wahalar ɗaga kai, firigona yake nufa kai tsaye, ya tsaya a kansa kamar ya kama ɓarawo.

"Wannan dabbar taki ita ke cinye mana kuran," haka yake cewa kullum. Kuran ita ce wuta a bakin mutanen Abidjan.

Ba zan yi wa firigon nan kara ba, yana ci. Gwanjon Turai ne da mahaifina ya saya a Treichville, babba mai murfi a sama, yana gurnani dare da rana. Robar bakinsa ta saki, sai na ɗora masa turmi kafin ya rufu. Amma shi ke riƙe da mu. Tun da aurena ya mutu na dawo gida, da shi nake ƙulla ƙanƙara da zoɓo da lemun citta, ina sayarwa a ƙofar gida da tashar woro-woro, ƙananan tasin haɗaka na garin nan. Abin da Baffa ya yanka min kuwa ban taɓa musu ba, ina biya ne ina haɗiye maganata.

A gidanmu akwai al'adar da ta zo tare da firigon. Iyayenmu in an yi layya soye naman suke yi kaf, a zuba a tukunya da mai ya daɗe. Inna har yau haka take yi. Amma matan gidan sun gane cewa ba kowa ke son suya kullum ba, sai kowacce ta ware cinya ko haƙarƙari ta kawo min ajiya. Ba na karɓar komai, amana ce ta maƙwabtaka. Kowace mace takan ɗaure bakin ledarta da ƙyallen zaninta, don haka ba a taɓa rikici ba. In na ɗaga murfi na ga shuɗi mai ɗigo-ɗigo, na san na matar tela ne. In na ga ruwan goro, na Hajiya ne.

Hajiya ita ce ta ɗakin bakin ƙofa, mai waina. Mijinta ya daɗe da rasuwa. A shekarar da nake ba da labari ne ta fara yin layya da guminta, ɗan ragon da ta yi ta kiwo a bayan ɗakinta tana ba shi ɓawon rogo da dusa. Cinya guda ta kawo min, ta ce ta ɗanta ce, direba a Bouaké, ba zai samu zuwa ba sai bayan Sallah. Ta shafa ledar kafin ta miƙo min, ni ma na saka ta can ƙasa inda sanyi ya fi.

Washegarin Sallah aka aiko mana yayar Inna ta rasu a Treichville. Muka kulle ɗaki a gurguje muka hau gbaka, wato ƙaramar bas ta haya. Ba mu dawo ba sai da aka yi sadakar uku.

Da hantsi muka shigo gida. Tun ban sauke jakata ba matan suka taru, ana yi mana gaisuwa ana kuma jiran nama, don kowa na son miyar ɗanyen nama ranar. Na buɗe ɗaki na ji firigo yana gurnaninsa kamar kullum, hankalina kwance. Na sauke turmi na ɗaga murfi. Warin da ya fito sai da ya mayar da matar tela baya har ta taka 'yarta.

Ledojin duk sun kwanta sun manne wuri ɗaya. Jini ya tsiyaye ya taru a ƙasa ya daskare, naman ya yi kore a cikin ƙanƙara. Ƙullin zoɓona sun fashe sun haɗe da shi. Wanda ya yi shekaru yana sana'ar ƙanƙara ba sai an gaya masa ba. Wannan abu ya narke ne gaba ɗaya, ya kwana ya wuni a cikin zafi, sannan aka mayar masa da wuta ya sake daskarewa.

Na juya na ce, "An ɗauke kuran ne bayan tafiyarmu?"

Matar Bawulen ta ce, "Ko sau ɗaya, ma sœur. Yako." Ma sœur 'yar'uwata ke nan da Faransanci, yako kuma ita ce sannu a nan.

Sai ga Baffa ya taso daga tabarmarsa, ya toshe hanci da gefen babbar riga. Ya leƙa, ya girgiza kai, ya ɗaga murya yadda na ɗakin ƙarshe ma zai ji.

"Na sha gaya mata firigon nan ya mutu. Ta sani sarai. Amma son a ce ita ce mai firigo ya sa ta karɓi naman mutane. Ku yi haƙuri, 'yarmu ce."

Wannan "'yarmu ce" har yau in na tuna sai na ji ɗaci a bakina.

Hajiya ta durƙusa ta fincike ƙyallenta mai ruwan goro daga cikin ƙanƙarar. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da kin ce min ba zai iya ba, da na soya abina."

Ni na kwashe naman da hannuna. Na yi ta jigila da baho a kai zuwa juji, ina ratsa layinmu, masu shago suna kauda kai, mata suna leƙowa ta taga. Naman layya ba naman kasuwa ba ne, ba a biyan sa. Ko ka sayo sa guda ka raba, ba ka mayar wa mutum da ragon da ya yanka da sunan Allah ba. Da yamma na je na leƙa akwatin mita ta tsagar ƙofarsa. Layinmu mahaifina ne ya naɗe shi da jan salatif, na san shi kamar tafin hannuna. Ranar baƙi na gani, sabo fil.

Na sami Baffa shi kaɗai na gaya masa abin da na gani. Ko gezau bai yi ba.

"Ɗaki a kulle, ba kowa, me zai sa ya yi ta shan wuta?" Ya fara haka, sai ya kama bakinsa. Ya gyara zama ya ce, "Ke, ubanki kike wa ƙazafi? Je ki faɗa a tsakar gida mu ga wanda zai saurare ki."

Inna ta hana ni. Ta ce shi ne ubana yanzu, kuma bazawarar da ta ɗaga wa baffanta murya ta gama yawo a unguwa. Na yi shiru, sunan da aka raɗa min kuma ya bi ni, wai mai firigon mushe. Wa zai sayi zoɓon mai firigon mushe? Direbobin woro-woro da ke layi a gabana suka koma tsallaken titi. A gida in na fito alwala sai hira ta tsaya. An daina sa ni a girkin biki. Ba yunwar ce ta fi cina ba, a ce na ci amana ne alhali ban ci ba. Na sayar da firigon wa masu gwangwan, ranar da suka ɗauke shi kuma na ci alwashi. Ba zan zagi Baffa ba, ba zan kai ƙararsa ko'ina ba. Amma sai ya tsaya a tsakar gidan nan, a gaban matan nan, ya faɗa da bakinsa.

Yadda zan yi ban sani ba tukuna. Aiki na fara nema.

Wata ƙawata ta makaranta ce ta haɗa ni da wani Alhaji Bakano mai magaza, wato babban shagon kaya, a Treichville, kusa da tashar jiragen ruwa. Kayan sola yake shigowa da su, farantai da batura da fitilu. Alhaji ya iya ciniki kamar me, amma Faransancinsa daga bonjour sai merci. Ni kuwa da Faransanci na yi karatu, har mafarki da shi nake yi. Na zama bakinsa wurin direbobin manyan motoci da masu fiton kaya da masu saye. Shi kuma ya mayar da Hausata abin nishaɗi.

"Hausar nan taki ta sha ruwan teku," in ji shi. "Mene ne kuma firigo? Firji ake cewa."

"Alhaji, firjin ma ai ba kakanka ne ya raɗa masa suna ba."

Sai ya yi ta dariya har hularsa ta karkace.

Hular nan ita ce malamata. Alhaji yana da faranti ɗaya a ƙofar magaza da ya haɗa da 'yar fanka. In mai saye ya zo, sai ya cire hula ya ɗora a kusurwar farantin, ɗan wuri kaɗan. Nan take fankar za ta yi sanyi kamar mai jin barci. Ya ɗauke, ta farka. Ni ke fassara bayaninsa, har na haddace shi. Faranti haske yake ci, ba zafi ba. Inuwa kaɗan a gefe guda tana kashe ƙarfin sauran. Kuma kafin mutum ya sayi faranti, ya fara rage cin kayansa. A wurinsa na fara ganin firigo mai kaurin bango da ba ya gurnani, wanda in ya yi sanyi da rana yake riƙewa har gari ya waye. Na tsaya a gabansa na tuna turmin da nake ɗorawa a nawa, na ji kunya ta kama ni ni kaɗai.

Na ce wa Alhaji ya riƙa riƙe wani abu daga albashina har ya kai farantai da batir da firigon nan. An daɗe. Damina ta wuce, wata ta zo. Kullum in tashi daga Adjamé in ratsa gada a matse cikin gbaka, in dawo da yamma in gaida Baffa a ƙofar gida har ƙasa, yana amsawa da hanci. Ban taɓa fasa gaishe shi ba. Ina so ranar da abin zai zo kada a ce dama can ba ta da kunya.

Ranar da aka kawo kayan, Baffa ya tare tsani ya ce ba mai hawa rufin gidansa. Na ce rufin gabas rabon mahaifina ne, in yana da ja a kira limamin da ya raba gadon. Ya matsa. Mai haɗa wa Alhaji kaya ya hau ya kafa farantan a fili, ba bishiya ba bango. Da ya gama, na jira lokacin da mata suka fito girki, na je na durƙusa gaban tabarmar Baffa.

"Baffa, a cire min layina daga akwati. Na bar muku kuran ɗinku." Na ƙara ƙasa da murya, amma yadda za a ji. "Kai za ka cire, hannunka ya saba."

 Baffa ya tashi ya cire. Ranar na ci tuwo da yawa.

Takardar wuta ta gaba ta zo ba ta ragu yadda aka zata ba, ga shi masu raba ta sun ragu da ɗaya. Aka fara kallon ƙofar Baffa. Ashe matarsa da rishon lantarki take dafa wake a ciki, shi kuma yana da abin dafa ruwan wanka, ga tsofaffin ƙwayayen wutar nan masu zafi da ba ya kashewa. Ba wanda ya ce uffan, amma na ga ana haɗa ido.

Sai aka shiga shekarar da ruwa ya ja baya a madatsun da ke ba da wuta. Kamfani ya fara raba ta unguwa-unguwa, a ba ku da safe a ɗauke da rana, wani lokaci a manta da ku gaba ɗaya. Abin ya faɗo daidai azumi, ga zafi. Gidanmu kaf ɗakina ne kawai fanka ke juyawa, firigona kuma cike da ƙanƙara.

Matar Bawulen ce ta fara zuwa da salularta, wato wayar hannu, a yi mata caji. Sai matar tela. Sai Julawan. Kafin azumi ya raba, teburina ya cika da salula a jere, firigona kuma ya sake cika da ledoji masu ƙyalle. Hannu bibbiyu na karɓe su. A raina su ma an cuce su kamar yadda aka cuce ni, namansu ne ya ruɓe. Kowace ƙanƙara na miƙa, ji nake ina rage wani nauyi. Hajiya kuwa kullum kafin a sha ruwa ni da kaina nake kai mata, ban taɓa karɓar ko sisinta ba. Har ƙwan wuta mai ƙarancin ci na ba ta kyauta. Takan ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata," ni kuma in ji sanyi har cikin ƙashina.

Iyalin Baffa ne kawai ban ba ko tsinke ba. Matarsa ta zo da kofi ta tsaya a bakin ƙofa. Na ce ta shigo ta sha iya shanta in an kira salla, amma kofi ba zai fita ba.

Inna ta ce, "Ko a azumi?"

Na ce, "Ko a azumi, Inna. Ranar da ya kashe min firigo ma ai cikin kwanakin Sallah ne."

Baffa ba mutumin da zai zauna 'yar wansa ta fi shi haske ba ne. Bayan Sallah ya tara 'yan haya ya ce kowa ya kawo gudunmawa, zai kafa wa gida sola wadda ta ninka tawa, a huta da kamfani a huta da gori. Suka kawo, don sun gani a ɗakina abin yana yi. Bai je wurin Alhaji ba, don kada ya same ni a can. Kasuwar Adjamé ya shiga ya sayo manyan farantai masu kyau, ban isa in kushe su ba.

A Adjamé duk abin da ke da daraja a keji yake. Mita a keji, famfo a keji, ƙwan wutar ƙofar shago ma da ɗan kejinsa. Wanda ya bar dukiyarsa a fili, in aka ɗauke shi ake wa dariya, ba ɓarawon ba. Dama Baffa ya sha cewa farantaina ba za su kai bana ba, don na shanya su kamar wanki. Nasa sai ya kira mai walda ya ƙera musu keji da rodi mai kauri, aka shimfiɗa ragar kaji a sama saboda jifa. Sannan ya sa aka ɗora su a rufin madafa, jikin bangon benen maƙwabta, inda mai wucewa a titi ba zai hango ba. Wanda ya haɗa masa wayoyin mai gyaran wutar gidaje ne, bai taɓa taɓa sola ba, abin da aka ce masa ya yi.

Ina zaune a ƙofar ɗakina ina kallo. Rana ba ta leƙa wurin sai ta take tsaka, in ta leƙa ma inuwar rodi ce a kwance a kan kowane faranti. Na tashi na kai wa mai walda ruwan sanyi, na ce masa aikinsa ya yi kyau. Kuma ya yi, ko giwa ba za ta ɓalla kejin nan ba. Rufin madafa ba shi da tsawo, kafin mako ya zagayo mata sun gano ragar nan wurin shanya ce mai kyau. Aka fara baza barkono da kuɓewa a kai. In hadari ya taso kuma matar Baffa ta hau kujera ta lulluɓe abin da tampol don kada ruwa ya taɓa dukiyar mai gida, wani lokaci sai washegari da azahar take tunawa ta yaye.

Na ba Alhaji labari ina dariya. Shi bai yi ba.

"Ki gaya masa mana. Batirin zai mutu, kuma na mutane ne."

"Alhaji, bai tambaye ni ba."

"Ke dai akwai riƙo."

"Riƙon ne ya saya min firigo."

Wutar Baffa takan kama da magariba ja-ja, kafin a idar da isha'i ta mutu. Ya koma wurin mai shago, mai shago ya ce kaya sun bar hannunsa lafiya. Ya ƙaro batir, shi ma ya bi sahu. 'Yan haya suka fara gunaguni, daga gunaguni aka koma magana a fili. Telan gidanmu, wanda kekensa ya fi kowa buƙatar wuta, ya ce ba zai sake biyan haya ba sai an yi bayani, in ba haka ba a je gaban sarkin Hausawan unguwa. Baffa ya rame. Ya daina zama a ƙofar gida. Ni kuwa barcina nake yi har da juyi a ƙarƙashin fanka.

Ya aiko matarsa, na ce ban iya ba da amsa ta hannun ɗan aike ba. Wata rana bayan la'asar sai ga shi da kansa, ya yi sallama a ƙofar da ya saba shiga ba sallama.

"'Yata, ke kin san abin nan. Me ya same shi?"

"Na sani, Baffa. Tun ranar da aka ɗora shi na sani. Magana ɗaya ce, kuma ba sai ka sayi komai ba."

"To faɗa min."

"Kai ma akwai magana ɗaya da ka sani tun ranar da aka yi ta. Ka faɗi taka a tsakar gida, in faɗi tawa."

Ya kalli Inna, Inna ta sunkuyar da kai tana tsince shinkafa. Baffa ya juya ya fita. Na zaci girman kai zai sa ya zaɓi duhu. Amma tela ya sa ranar zuwa wurin sarki, kuma Baffa ya fi tsoron a titsiye shi a gaban dattawan unguwa da a ji shi a cikin gida.

Ranar Juma'a bayan an sauko ya tara mutanen gidan. Ya tsaya kusa da famfo da babbar rigarsa ta masallaci. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi maganar zumunci, ya yi maganar shaiɗan. Ban taimake shi da ko tari ba. Daga ƙarshe ya ce shekarar nan da naman layya ya lalace, shi ya cire layin ɗakinmu bayan tafiyarmu, shi ya mayar ana gobe za mu dawo, kuma yarinyar nan ba ta da laifi.

Na daɗe ina tanadin wannan lokaci. Na sha zana shi a raina a cikin gbaka, yadda mata za su yi salati, yadda Hajiya za ta taso ta rungume ni. Na juya ina kallonta, har ƙwalla ta fara taruwa min.

Ba wanda ya yi salati. Matar tela tana gyara ɗaurin ɗankwali. Julawan suna kallon ƙasa. Hajiya ta ja tsaki kaɗan, irin na wanda aka tsayar da shi daga aiki.

"Ai wannan tsohon zance ne, Malam. Mun sani."

Na ce, "Kun san me, Hajiya?"

"Ni ina ƙofa ina wanke tanda na gan shi da makulli. Matar tela ma ta gani. Da firigon ya yi shiru ai duk gidan nan an ji."

"Kun ji ya yi shiru, namanku yana ciki, ba wadda ta ce a mayar?"

"Wa zai ce wa mai gida ya mayar? Mun ɗauka na ɗan lokaci ne." Ta gyara zaninta. "Da abin ya ɓaci kuma, a ɗakinsa muke zaune. Dattijo ne, ba a ƙaryata shi a gaban jama'a. Ke yarinya ce, mun san za ki warke. Ga shi kuwa kin warke, har kin fi da."

Matar tela ta ce, "Wallahi kuwa. Alheri ya zame miki."

 Na tuna bahon da na yi ta ɗauka zuwa juji suna leƙe ta taga. Na tuna ƙanƙarar da na yi ta kai wa matar nan da hannuna ina jin kamar ni ce mai laifi. Fushin da na yi shekaru ina yi wa Baffa sai na ji ya zama ƙarami.

Alkawari na cika. Na dubi Baffa na ce, "A yanke kejin, a kwashe shanyar, a mayar da farantan inda rana ke wuni. Shi ke nan."

Na shiga ɗaki na zare salulolin nan ɗaya bayan ɗaya, wadda ta cika da wadda ba ta cika ba, na jera a faifai. Na buɗe firigo na kwaso duk ledar da ba tawa ba na zuba a baho. Na fito na ajiye su a bakin famfo, na ce kowa ya ɗauki nasa tun da sauran sanyi. Hajiya ta kira ni 'yata, ban juya ba.

Solar gidan ta yi aiki bayan an sake batir, tana ba su haske da fanka, amma ba ta ɗaukar firigo. Ƙanƙarata yanzu har daga unguwar Liberté ake zuwa saye, direbobin woro-woro sun dawo layi. Duk wanda ya zo daga waje ina sayar masa, wani ma in ba shi kyauta. Mutanen gidanmu kuwa ko da kuɗinsu ba na ba su, sai su tsallaka titi. Baffa ne kaɗai nake aika wa ruwan sanyi in azumi ya zo, ba don ina ƙaunarsa ba. Shi dai ya tsaya ya faɗa da bakinsa. Su har yau ba wadda ta ce min yi haƙuri.